Kayan Bai Iso Ba

Babana ba mai tura keke ba ne. Hawa yake yi. Tun ina ƙarami haka na san shi: akwatin burodi a baya, ƙafar wando ta dama a naɗe, yana kaɗa ƙararrawa tun daga bakin layi don Mama ta san ya dawo. Daga gidan burodin da ke bayan tasha yake ɗauka, ya bi shaguna yana saukewa. Da keken nan aka riƙe ni har na gama sakandare, na dawo gida na zauna.

Sai ga shi ya fara dawowa a ƙasa, yana tura shi.

Da farko ban damu ba. Keke yakan lalace. Mako ya wuce, wani ya biyo. Ya koma fita tun gari bai gama wayewa ba, ya dawo rana ta take, rigarsa sharkaf da gumi. Takalminsa ya fara cinyewa ta dunduniya.

Na ce, "Baba, me ya sami keken?"

"Feda ce ke juyawa a banza. Ba ta jan taya."

"Ba ka kai wa Baffa Dogo ba?"

"Na kai. Ya ce kayan bai iso ba."

Baffa Dogo ba ɗan'uwanmu ba ne. Abokin Baba ne, kuma shi kaɗai ke taɓa keken tun ranar da aka saye shi. Rumfarsa ta kwano ce, jingine da katangar shagon aski. Tsofaffin tayoyi a rataye, kwanon ruwa baƙi ƙirin na neman huji, gwangwanaye cike da notuna. Mutanen layi suna cewa daga ƙarar keke yake gane ciwonsa tun mai shi bai sauka ba. Ni dai ban taɓa gani ba. Mutane suna son irin wannan maganar.

Wata rana da yamma mai gidan burodin ya zo da kansa. Bai shigo ba. A ƙofar gida suka tsaya, ni kuma ina daga ciki, bayan ƙyaure.

"Masu shaguna sun dame ni," ya ce. "Burodin safe yana isa masu shayi sun tashi. Ni ba na son abin da zai raba mu, ka daɗe tare da ni. Amma akwai wani yaro mai babur, kullum yana bakin ƙofata yana roƙon in ba shi layinka na rabon burodi."

"A ƙara min haƙuri," in ji Baba. "Kayan ne bai iso ba."

"Daga wace duniya ake kawo shi? Ko keken nan ya tashi a makon nan, ko in ba yaron. Na gaya maka gaskiya."

Baba ya shigo ya wuce ni. Bai dube ni ba, ko da yake ina tsaye dab da kafaɗarsa ta dama.

Gidanmu babu wani abin da ke shigowa sai ta akwatin nan. Na san haka. Kowa ya sani.

Washegari na je rumfar na zauna a benci kamar mai shan iska. Baffa Dogo yana tsugune, ya kifa wani keke, tayoyi a sama.

"A'a, mai gadin gida ne yau a waje? Wa ka bar wa tabarmar?"

"Ina kwana, Baffa."

"Lafiya lau. Riƙe min nan, ka yi amfani ko sau ɗaya."

Na riƙe. Keken wata ɗaliba ne, tana tsaye da jakarta. Ta ce feda ke juyawa, taya ba ta tafiya. Na ɗago kai. Baffa Dogo ya kwance ƙafar baya, ya miƙa hannu cikin wani gwangwani ba tare da ya duba ba, ya ciro wani abu, ya sa, ya ɗaure. Kafin mai aski ya gama kan mutum ɗaya, yarinyar ta hau ta tafi.

Na ce, "Wannan ba irin ciwon keken Baba ba ne?"

"Kama ce."

"To ga kayan nan a gwangwani."

"Na babanka daban ne. Tsohon yayi ne."

"Ina ake kawo shi?"

"Nesa."

"Wa ka aika?"

Ya goge hannu a tsumma, a hankali, yatsa bayan yatsa. "Tun yaushe ka fara aikin ɗan sanda ban sani ba? Je ka gaida min mamanka."

Ban tafi ba. Na koma gefen shagon aski na tsaya. Can sai ga babur ya tsaya a rumfar. Yaro ne sa'ana, mai jar hula. Ya sauka ya zauna a bencin da na tashi, suka gaisa da dariya, Baffa Dogo ya ba shi iska a taya bai karɓi komai ba. Na tambayi mai aski.

"Wannan? Ɗan ƙanwarsa ne. Shi ke neman aiki a gidan burodi."

Na dawo gida ina zargin Baffa Dogo. Ban gaya wa kowa ba. Baba ba zai yarda ba. In ka taɓa Baffa Dogo ka taɓa shi. Mama kuwa kwanan nan komai ka ce sai ta ce a bar maganar.

Da rana Baba yakan kwanta idan ya dawo. Na jira har numfashinsa ya yi nauyi. Na sauke akwatin, na fitar da keken ba tare da ƙara ba, na tura shi har bayan kasuwa.

Akwai wani mai gyara a can da ake kira Nan-take. Saurayi ne, ga surutu, rediyo a rataye a wuyan famfo. Ya ɗaga ƙafar gaba ya juya ta, ya kanne ido ɗaya yana kallon yadda take wucewa tsakanin robobin birki.

"Kai! Wa ke yi muku aiki?"

"Wani."

"Wanin nan ya iya. Dubi, ko gashi ba ta karkata ba. An miƙe ƙafar nan fiye da sau ɗaya, amma sai ka sa hannu za ka gane." Ya matsa birki. "Birki kamar na sabo. Iska daidai. To me ya kawo ka?"

Na juya masa feda. Ta yi ta zagayawa, taya ko motsi.

Ya kwance ƙafar baya, ya buɗe ƙaramin faifan da sarƙa ke bi ta kansa. Ya leƙa. Ya kashe rediyo.

"Babu haƙora."

"Wane haƙora?"

"Wasu 'yan ƙarafa ne biyu a ciki, kamar farce. In ka taka feda su ke kama taya su ja ta. In ka saki, su ke yin ƙas-ƙas ɗin nan da kake ji."

"Karyewa suka yi?"

"In sun karye ai da gutsattsarinsu na nan. Zo ka gani." Ya miƙo min. Ciki fes, sai sabon giris. "Wanke shi aka yi, aka shafa mai, aka rufe. Cirewa aka yi, ɗan'uwa. Da hannu, kuma da natsuwa."

Na mayar masa da faifan.

Nan-take bai daina dube-dube ba. Ya shafa bakin feda ta dama, ta goge har ƙarfe ya fito. Ya taɓa ƙarshen hannun keken na dama, robar ta yage. Ya ce, "Mai keken nan da ɓangaren dama suke faɗa ne? Dubi nan. Dubi nan ma. Hagu kuwa kamar amarya."

"Tsohon keke ne."

"An mayar da ƙararrawa hagu. An sauke sirdi har ƙasa. Wannan shirin turawa ne, ba na hawa ba." Ya dube ni. "Wanda ya yi wannan yana da dalili."

"Na san dalilinsa. Kana da haƙoran?"

"Cike da gwangwani."

"Sa."

Ya ɗaga kafaɗa. "Sunana ke nan."

Na hau na dawo. Keken yana tafiya kamar ruwa. A bakin layi na kaɗa ƙararrawa, irin yadda Baba ke yi. Mama ta fito da sauri, hannunta da kumfar wanki. Da ta ga ni ne a kai, sai ta tsaya cak.

Baba ya fito yana gyara riga. Mai aski ma ya leƙo, da maƙwabcinmu mai wanki.

Na ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Kayan ya iso, Baba. A bayan kasuwa yake tun tuni. Gobe ba turawa."

Na juya feda baya. Ƙas-ƙas-ƙas.

Baba ya daɗe yana sauraro. Ya ɗora hannu a kan sirdi.

"Madalla," ya ce. "Ka kyauta."

"Cire su aka yi, Baba. Da gangan."

"Na ji. Shigar da shi."

Mama ta koma ciki. Na ji bokiti ya faɗi. Da na shiga tana tsugune tana kwashe kayan wanki daga ƙasa, ba ta ce min sannu ba. Na ɗauka haushin Baffa Dogo ne ya kama ta. Abinci ma a ranar shiru aka ci shi.

Da safe na riga kowa tashi. Na ɗaura akwatin da kaina. Baba ya fito da keken har ƙofar gida, ya fara tura shi.

Mai wanki yana shanya. Ya ce, "A'a, maigida, ba an gyara ba? Ko ka saba da tafiyar ƙasa ne?"

Baba ya tsaya. Ya dubi inda muryar ta fito, ya juyo gaba ɗaya ya dube ni. Sai ya sunkuya ya naɗe ƙafar wando. Ya hau. Keken ya yi tangaɗi sau ɗaya, ya miƙe. Bai kaɗa ƙararrawa ba.

Mama ta kama hannun rigata. "Bi shi."

"Don me?"

Ta buɗe baki, ta rufe. "Ka dai bi shi."

Ban bi shi ba. Ina da maganar da na kwana da ita.

Baffa Dogo yana rataye tayoyi lokacin da na isa.

"Mai gadi, yau da sassafe?"

"Na zo in gaya maka kayan ya iso."

"Wane kaya?"

"Haƙoran da ka cire. Ka gaya wa ɗan ƙanwarka ya nemi wani layin."

Tayar da ke hannunsa ta faɗi, ta gangara har kwata. Bai bi ta ba.

"An sa?"

"An sa."

"Ina yake?"

"Ya hau ya tafi aiki, kamar kowane..."

Ban ƙarasa ba. Ya fizgo wani keke daga cikin na mutane da ke jingine, ya tura min. "Hau. Gwiwata ba za ta iya ba. Hau, don ubanka!"

Ban taɓa jin ya zagi kowa ba. Na hau, ya ɗare a baya, ya riƙe min ƙugu da hannuwa masu kamar filaya.

"Gidan burodi. In ba ya nan, gangaren asibiti."

Na taka. Yana magana a bayan kunnena, iska tana yanke masa kalmomi.

"Mutumin da bai taɓa kawo min ƙafar keke a lanƙwashe ba, sai ga shi ya kawo. Ya ce rami. Na miƙe. Ya sake kawowa, ya ce akuya. Na miƙe. Na uku ya ce yaro ne ya gifta. Duk dama. Feda ta dama, hannu na dama, kusurwar akwati ta dama. Akuyoyin garin nan duk a dama suke kiwo?"

Na ƙara taka.

"Na miƙa masa sufana ta dama, na ce riƙe min. Hannuna a sama, yana ta ba ni labari. Bai gan ta ba. Idon nan ya tafi. Na hagun ma hazo ya fara shiga."

"Ya gaya maka?"

"Babanka? Ya gaya wa wa?"

"To ka gaya masa?"

"Na ce kayan bai iso ba. Ya ce to. Kowane mako ya zo ya tambaya, in ce bai iso ba, ya ce to. Ka ga ya taɓa kai shi wani wuri? Kana tsammani bai san hanyar bayan kasuwa ba?"

A gidan burodi suka ce ya ɗauka ya tafi. Mai gidan har yana murmushi. "Yau a kan keke ya zo. Haka nake so."

Gangaren asibiti dogo ne, ƙarshensa mahaɗa, inda manyan motoci ke juyawa. A gefen dama masu kayan gwari suke ajiye baro. Tun daga sama na hango mutane sun taru. Baffa Dogo ya matse min ƙugu.

"Birki. Kada mu zama biyu."

Ba mota ba ce. Baro ne, na wani mai lemo, a ajiye a bakin hanya. Keken yana kwance, ƙafar gaba ta naɗe. Murfin akwatin ya buɗe. Lemo da burodi sun watse har tsakiyar titi. Mai lemon yana ta ɗaga murya.

"Baro a tsaye! A tsaye, jama'a! Ko makaho ai..."

Baba yana durƙushe, gwiwar hannunsa tana jini. Yana tsince burodi yana kaɗe ƙurar ledar a cinyarsa. Ya kwashe na gabansa da na hagunsa tas. Guda uku suna dab da gwiwarsa ta dama. Ya miƙe zai rufe akwatin.

Na tsaya ina kallon ukun nan.

Baffa Dogo ya sauka ya ɗebe su, ya zagaya ta hagu, ya miƙa masa.

Baba ya karɓa. Ya dube shi. "Dogo."

"Na'am."

"Ka ga kayan ya iso."

"Na gani."

Babu wanda ya yi dariya. Baffa Dogo ya ba mai lemo haƙuri, ya sa ni na tsince masa lemonsa. Sannan ya tayar da keken, ya kwance ƙafar gaba da sufanar da ke aljihunsa, ya cire ta keken da muka zo da shi ya ɗaura. Ya matse ƙafar tsakanin gwiwoyinsa ya daidaita hannun. Ya gwada birki. Sai ya kwance notin sirdi.

"Zo nan," ya ce min. "Tsaya a gefensa."

Ya ja sirdin sama har ya kai ƙashin ƙuguna, ya ɗaure.

Baba ya ce, "Wa ya sa ka?"

"Babu. Burodi yana hucewa."

Baba ya juya kansa gaba ɗaya, yadda yake yi kwanan nan, har idonsa na hagu ya same ni. Na sunkuyar da kai. Na jira faɗa. Bai zo ba.

"Mai shayin bakin asibiti za ka fara," ya ce. "Manya yake karɓa. Sai matar da ke kusa da famfo; kada ka ba ta wanda ya taɓa ƙasa, tana dubawa. Mai shagon kan kwana zai ce jiya an kawo masa busasshe. Kullum haka yake cewa, kada ka kula shi."

Ya lissafa min su har ƙarshe, na maimaita. Ya gyara min biyu. Baffa Dogo ya kama hannunsa na hagu.

"Tunda ga mu a ƙofar asibiti," ya ce.

"Ciwon gwiwar hannu ne kawai."

"To a duba gwiwar hannun. In sun ga wani abu a sama, ba ruwana."

Na naɗe ƙafar wando na hau.

A kowane shago sai an tambaye ni ina tsoho. Na ce yana hutawa. Maganar ta fito min da sauƙi, har na ji haushin kaina. Da na mayar da akwatin, mai gidan burodin ya dubi murfin da ya tsage, ya dube ni. Yaron mai jar hula yana zaune a kan baburinsa a bakin ƙofa.

"Gobe wa zai zo?"

"Ni."

"Ka san layin?"

"Na gama shi yanzu."

"In ka makara sau ɗaya, shi ke nan."

Da na koma gida Baba yana ɗaki, an ɗaure masa hannu, ga wata 'yar kwalbar maganin ɗigawa a kan taga. Likita ya ce idon dama ya wuce gyara. Na hagun za a gwada. Ya ce da an zo da wuri.

Mama ta kawo masa shayi. Ta zagaya tabarmar ta ajiye kofin a hagunsa. Ban san sau nawa na ga ta yi haka ba.

Na bi ta madafa. "Tun yaushe kika sani?"

"Miƙo min murfin can."

"Mama."

"Cewa na yi ka bi shi." Ta karɓi murfin ta juya min baya.

Mutanen layi sun samu sabon labari. Yanzu cewa suke Baffa Dogo daga feda yake gane ciwon ido. Ni ban ce bai iya ba. Ya iya. Amma wata biyu yana riƙe da maganar a gwangwani, idon hagu yana tafiya, yana cewa kaya bai iso ba. Na gaya masa haka a rumfarsa. Ya ci gaba da shafa faci.

"Ni keke aka kawo min," ya ce.

Ɗan ƙanwar tasa kuma har yau yana zama a bencin. Mai aski ya ce Baffa Dogo ne ya hana shi matsa wa mai gidan burodi. Wataƙila. Mai aski yana faɗin abubuwa da yawa.

Wurinsa nake kai keken. Babu wanda ya san shi kamarsa. Amma ina tsaye a kansa har ya gama, ina kallon abin da ya cire da abin da ya mayar. In ya miƙo min sufana, ina lura ta wane gefe ya miƙo.

Da safe, kafin in ɗaura akwatin, nakan juya feda baya in saurara. In na ji ƙas-ƙas ɗin, sai in rufe ido ɗaya da tafin hannu in dubi ƙofar gida. In sake rufe ɗayan. Sannan in hau.